Kyamara ta Biyu Don Hoton Inna

Na sha wuya kafin in sami kyamara ta biyu, wuyar da ban sha ba wajen ta farko. Ni ba mai hoton kasuwa ba ne. Gyaran injin ban-ruwa ne sana'ata, rabin rayuwata a Jiratawa na yi shi, cikin laka da baƙin mai. Hoto kuwa so ne ya kama ni da girmana. Wasu tantabara suke kiwo, ni wannan ce tawa.

Kyamarata irin wadda ake cire wa gilashin gaba ce a sa wani. Gangar jiki daban, gilashin daban, shi muke ce wa ido. Idanu uku gare ni da na tara cikin shekaru. Akwai na nesa don balbelu a bayan garma, akwai na yau da kullum, sai wani ɗan gajere mai fito da fuskar mutum kamar ka kai hannu ka taɓa. Da bazara jikin ya fara gardama. In na danna sai ta yi ƙas ta tsaya, sai na cire batir na mayar. Mai gyara a bakin babbar kasuwar Maraɗi ya buɗe, ya leƙa, ya ce labulen ciki ne ya gaji.

"Tana iya kai shekara, tana iya mutuwa gobe. Nemi jiki na biyu ka ajiye a jaka. Amma na gidansu ɗaya, in ba haka ba idanunka ba za su hau ba."

Da ba don Inna ba da na share zancen. Mahaifiyata ce, tana Tsibiri, ta tsufa ƙwarai. Hotonta ɗaya ne a duniya, na katin shaida, shi ma ta ɓata rai kamar an kama ta da laifi. Duk ranar da na ɗaga kyamara a gidanta sai ta ja mayafi ta juya wa bango. To sai ɗiyata ta koma wajenta goyon ciki. Ran nan ina zaune ina shan fura, Inna ta ce da bakinta, "In Allah ya sauke ta lafiya, ranar suna ka ɗauke ni da tattaɓa-kunnena. Sau ɗaya. Kada ka ce mini in gyara, kada ka ce in sake."

Na san ta. In kyamara ta tsaya a hannuna ranar nan, shi ke nan, zan rufe ta ba ni da fuskarta.

Ga inda na yi kuskure. Na je gaida Alhaji, yayan matata, babban ɗan kasuwa mai kai da komo har ƙasashen waje. Cikin hira a zaurensa na ce kyamarata na ciwo, ina neman jiki na biyu. Ya ce, "Jiki kawai? Ba ido?" Na ce idanu ina da su. Ya gyaɗa kai, aka shiga wani zance. Na ga alamar ya riƙe maganar, kuma a bakin harshena sunan irin tawa yake. Ban faɗa ba. A wajenmu in ka gaya wa babban suruki iri da lamba, aike ka yi masa, ko kuma roƙo. Ni ko ba na son a ce na yi ko ɗaya.

Bayan mako uku ya dawo daga tafiya ya aiko a kira ni. Ya turo mini kwali da ƙafa, yana murmushi.

"Na ce su ba ni wadda ta hi kowace cikin shagon. Ka bar wahala da tsohuwar nan."

Na yi godiya har na rasa ta cewa. Ba a buɗe kyauta a yi ta juya ta gaban mai ita, sai na rungumo kwalin na hau kabu-kabu. Tun kan hanya na ga rubutun jikinsa ba irin na tawa ba ne. A gida na gwada duk da haka. Ido na farko bai shiga ba, na biyu bai shiga ba. Bakin ma ba faɗinsu ɗaya ba. Kyamara sabuwa fil, mara nauyi, mai kyau, amma makauniya.

Matata ta tsaya a kaina. "Malam, kada ka kuskura Yaya ya ji. Wallahi sai ya ce mun rena shi."

"To in ɗauki Inna da mi? Da kwalin?"

"Kai ka sani. Kai ka ƙi buɗe baki tun farko."

Gaskiyarta, shi ya sa na ji haushi.

Mai gyara ya ce akwai wani zobe da ake haɗa su da shi, amma babu a Maraɗi, sai an aika Kano, kuma ko ya zo idon ba zai riƙa saita kansa ba. Ido sabo na irin ta Alhaji kuwa ya fi ƙarfina. Ana cikin haka ɗiyata ta haihu, namiji. Kwana bakwai gare ni.

A Jiratawa akwai wani malamin gona da nake gyara wa inji. Na tuna na taɓa ganinsa yana ɗaukar fadamun zogale da kyamara irin tawa. Na same shi bakin kwalbati, ya shiga ɗaki ya fito da ita cikin tsumma. Ta girmi tawa. Robar hannunta ta kwaɓe, an ɗaure murfin batir da zaren taya, allon baya duk ƙarce. Na ɗora ɗan gajeren idona, na murɗa, ya ce ƙyat. Batirina ya shiga, katina ya shiga. Maɓallan suna inda yatsuna suka saba, ko a duhu zan same su. Na ɗauki jakinsa sau goma, ba ta tsaya ba.

Ya ce, "Kawo ta Alhajin mu yi musaya, har in yi maka ciko."

Na daɗe ina kallon ruwa na bin lambatu. Musayar ta fi mini sauƙi nesa ba kusa ba. Amma kyautar suruki ba ta fita gida ta ƙofar baya. Na saye tasa kawai, na taho.

Ranar suna, ana gama raɗa wa yaro suna, ina ɗaukar masu rabon goro, tsohuwar kyamarata ta yi ƙas. Na cire batir na mayar, shiru. Ta mutu ke nan. Na durƙusa bayan rumfa na mayar da ido kan ta malamin gona. A wuyana kuwa ta Alhaji ce rataye, da murfinta, don ya gani ya ji daɗi.

Da hantsi aka ce Inna ta shirya. Ta fito tsakar gida cikin baƙin zanenta na saƙi, ta zauna kan tabarma, aka ɗora mata jinjiri. Alhaji ya biyo ni ciki, shi kawun mai jego ne, ba mai hana shi. Na ɗaga mai zaren taya.

"A'a," in ji shi. "Mi ke nan? Hoton Inna guda, da wanga tarkace? Sa sabuwar mana."

Inna ta fara gyara zama, alamar ta gaji. "Kai, ƙafata na sanyi. Za ka yi ko in tashi?"

Mata duk suna kallo. Na duba, ba wata dabara.

"Alhaji, taka ba ta da ido. Nawa ba sa hawanta. Laifina ne, ban gaya maka irin ba."

Ban jira amsarsa ba. Na durƙusa, na saita. Daidai nan yaron ya yi atishawa, Inna ta sunkuya ta dube shi, bakinta ya ɗan buɗe da dariyar da ba ta shirya ba. Na danna. Ta miƙa jinjirin, ta dafa ƙasa ta tashi, ta shige ɗaki.

Na duba allon. Duk da ƙarcen na ga ta fito, har zanen fuskarta da jijiyoyin hannu. Da na ɗago, Alhaji ya riga ya fita. Ko naman suna bai tsaya ci ba. Da yamma muka koma Maraɗi.

Washegari da safe na je aka wanke mini hoton guda biyu, manya. Na ajiye ɗaya a gida. Na mayar da sabuwar kyamarar cikin kwalinta, na ɗora ɗayan hoton a sama, na ɗaure a bayan babur, in je in ba da haƙuri. Na isa ƙofar Alhaji aka ce bai fito ba tukuna. Na cire takalmi na zauna a zaure, kwalin a cinyata.