Tsohon da ya ƙi fasa mini dutse

Jiya ƙarar nakiya daga wajen fasa dutse ta girgiza tagogina, sai na tuna tsohon nan na Dogarawa. Ba ya sa nakiya sai ya ƙwanƙwasa dutse da guduma, ya kara kunne.

Lokacin da rijiyata a Samaru ta ci karo da dutse, shi na kira. Ya shiga rijiyar, ya fito yana warin laka, ya ce, "Alhaji, akwai nakiya mai tura dutse, akwai mai ratsa shi. Mai ratsawa za ta ba ka ruwa, amma jijiyar dutsen nan ta bi ƙarƙashin ɗakin maƙwabciyarka."

Na ce, "Baba, na ga injiniyoyi a Gana da Sudan, ba mai sauraron dutse."

"To, kira su."

Na kawo wani mai takardar shaida, ya sa mai ratsawar. Na samu ruwa. Bangon maƙwabciyata Maman Ngozi ya tsage, damina ta ƙarasa shi, ta kwashe 'ya'yanta ta koma Sabon Gari.

Harsuna huɗu nake ji, amma ban iya ce masa "ka yi gaskiya" ba har ya rasu. Allah Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini ruwan da nake sha.