Ruwan Randar Iya

Katanga ɗaya ce tsakanina da Iya mai reno. Tun maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da rai take riƙe 'ya'yan mata masu fita aiki, shekara ashirin ke nan da ɗoriya. Ba ta yi karatu ba, amma ko wanki take yi ta ji kuka, sai ta ce, "Wannan na yunwa ne," ko kuwa, "Wannan rigima ce tsagwaronta, ubansa ya biyo."

Shekarun da annoba ta kulle kowa a gida, tsakar gidanta ya yi tsit. Da aka buɗe, yara tara aka kawo mata, yawancinsu haihuwar kulle, ba su san wasa da kowa ba sai iyayensu. Sanyi na shigowa suka kwanta bi da bi. Tari, majina, zazzaɓi. Ƙaramarsu, 'yar matar direba, sai da ta kwana uku a asibiti.

Uwar ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ko sallama babu. "Iya, da ba haka gidanki yake ba. Ko tsufa ne ya hana ki wanke randa?" Kafin mako ya zagayo an janye shida.

Ina jin Iya ta katanga tana kankare randar nan har la'asar. Washegari ta ɗura ruwan a kwalba, ta ce in raka ta asibiti a auna. "In daga gare ni ne, Yaya, gara in sani in bar sana'ar."

Malamar asibiti ta juya kwalbar tana dariya. "Iya, sha zan yi?" Ta nuna mana wani benci cike da mata, kowacce da goyo yana tari. "Duk waɗannan a randarki suka sha? Murar kowace shekara ce. Jikin yaro sai ya riƙa gamuwa da ita yake gane ta. Waɗannan shekara biyu ba su gaisa da ita ba, mu manya ma jikinmu ya fara mantuwa. Shi ne yaran bana da na bara da na bara waccan suka gamu da ita lokaci guda. Ki dai ci gaba da wanke musu hannu, wanda numfashinsa ya yi sama-sama a kawo shi da wuri."

Iya ta sauke ajiyar zuciya, ta nemi wuri ta zauna. "Ashe gaisuwa ce. To wallahi baƙuwar nan ba ta da ladabi."

Na yi hamdala a raina. Sai a lokacin na lura da matar direba a ƙarshen benci, ta dawo da 'yarta a duba. Kanta a sunkuye ta matso.

"Iya, ki yafe ni. Ranar Litinin zan koma aiki."

"Ki haɗo mata rigar sanyi biyu," in ji Iya, tana miƙa hannu ta karɓi yarinyar. "Kai, duk kin ramar min da ita."