Malama Hiltje da Katakon Raga

Duk ranar Asabar, tun masu gidan burodi ba su gama jera kaya ba, keken Hiltje Bouma ya riga ya ƙetare gadar kasuwa ya nufi filin wasan hoki na garinmu, buhun ƙwallaye a baya, ƙananan sanduna ɗaure a gefe kamar mai kai itace gida. Ko ruwa ake zubawa, ko iskar nan tamu ta yankin Friesland ce ta tashi, ba ta fashi. Auke mai kula da filin ya daɗe da haƙura da gasar sammako da ita. Yana isowa da mabuɗi yake tarar da ita a bakin ƙofa, tana cin burodi da cuku.

"Ka makara, Auke."

"Ban makara ba. Ke ce ba ki da gado a gidanki."

Haka suke gaisawa tun gashin kansu yana baƙi.

Aikin Malama Hiltje, wanda ba a taɓa biyanta a kansa ba, shi ne koya wa 'yan firamare buga ƙwallo cikin raga. Yaran da ake kawo mata masu giɓi ne, waɗanda sanda ke neman fin su tsawo. Da su take farawa, hannun hagu a sama, na dama a ƙasa, kafaɗar hagu ta kalli raga. "Durƙusa, kamar za ka zauna a kujerar da babu!" Sai yaro ya iya tura ƙwallo a ƙasa kafin ta yarda ya doke ta, kuma wanda ya ɗaga sanda ta wuce kafaɗa, ranar ya ga ɓacin ranta.

A gindin kowace ragar hoki akwai katako. Ƙwallon da ta tashi sama ta faɗa zare shiru take shiga, amma wadda ta bi ƙasa da ƙarfi ta daki katakon sai ka ji ƙwas! har wurin ajiye kekuna. A kan wannan ƙara Hiltje ta gina koyarwarta duka. "Kar ka kalli raga," in ji ta, "saurari katako." Ranar da yaro ya fara sa katako ya amsa, sai a tsayar da komai, sauran su yi ta buga sanduna a ƙasa, ita kuma ta zaro baƙar alewa mai gishiri daga aljihu ta sa masa a hannu.

Iyaye ba sa rasa ta cewa. Wani uba ya taɓa ɗaga murya daga bakin fili: "Malama, ki bar shi ya ɗaga ta mana, irin ta talabijin!"

"In ta talabijin kake so, koma gida ka kunna. Ni haƙoran 'ya'yan mutane nake gadi."

Gwani ma yakan yi tuntuɓe, kuma nata ya zo ne ta kan Marrit, 'yar Douwe direban motar madara. Yarinyar ba ta ji sosai, kuma in iska ta taso sai ta kashe na'urar kunnenta don hayaniyar na damunta. Hiltje ta san da haka. Takan durƙusa a gabanta ta yi magana a hankali don yarinyar ta karanta bakinta, ta ɗauka ta gama sauke nauyi. Hannun Marrit kuwa mai kyau ne. Takan buga, katako ya amsa, yara su yi tsalle, ita ta koma bayan layi fuska ba yabo ba fallasa. Hiltje ta sa abin a kan miskilanci.

Wata Asabar sai ga Douwe shi kaɗai, riƙe da 'yar sandar da aka ara wa 'yarsa.

"Malama, ga kayanku. Ta ce ta gama."

"Wa ya taɓa ta?"

"Ba wanda ya taɓa ta. Cewa ta yi kullum kina cewa a saurari katako, kowa na murna, ita ba ta san me ake wa murnar ba. Wai kamar a zauna ana cin abinci a gabanta ne."

Auke yana wurin. Kunya ta kama Hiltje, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Sai ta mayar wa Douwe sandar.

"Kawo min yarinyar sau ɗaya tak. In ta ƙi bayan nan, da hannuna zan karɓi sandar."

Bayan an watse ta tsare Auke ta ce ya yi ta bugawa, ita tana bayan raga tana taɓa nan, tana taɓa can. Auke kuwa ko ƙofar gareji aka ba shi sai ya kuskure, don haka sun jima.

Da Asabar ta zagayo Marrit ta zo tana jan ƙafa. Hiltje ba ta ba ta ƙwallo ba. Ta ja ta zuwa bayan raga, ta shimfiɗa tafin hannun yarinyar a bayan katakon, ta yafito yaron da ya fi kowa ƙarfin bugu. Ƙwallo ta daki katako, girgizar ta bi hannun yarinyar har kafaɗa. Ta zaro ido ta dubi malamarta.

"Sake!" in ji Marrit.

Aka sake, aka kuma sakewa. Daga ranar, duk sanda Marrit za ta buga, Hiltje takan ruga bayan raga ta dafa katakon, in ya amsa sai ta yarfa hannu kamar wadda ta taɓa tukunya mai zafi. Nan aka fara jin dariyar yarinyar a filin. Sandar ba ta koma ɗakin ajiya ba sai da ta yi mata gajarta.

Malama Hiltje, ke ce uwar ƙananan sanduna. Ba ki fitar da zakaran da jarida ta buga hotonsa ba, amma babu yaron da ya bar hannunki yana ganin filin nan ba nasa ba ne. Da kika gane kin yi kuskure ba ki tsaya kare kanki ba, kika zagaya bayan raga kika nemo gyara.

Yanzu tsufa ya taɓa kunnenta. Auke ne ya fara lura cewa sai ta ga yara sun yi tsalle take zaro alewa. Ita da kanta ta ce ya isa haka, za ta ajiye aikin, kuma ta gargaɗi kowa kar a yi mata jawabi.

Asabar ɗin da ta wuce ita ce ta ƙarshe, kuma ba a yi jawabin ba. Marrit, wadda ta zama babbar mace kuma ita za ta gaji ajin, ta kama hannun tsohuwar ta kai ta bayan raga, ta shimfiɗa tafin Hiltje a kan katakon. Yaran suka yi layi suna bugawa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe Marrit ta karɓi sanda, ta durƙusa kan kujerar da babu, ta buga ƙwallo da ƙarfi. Hiltje ta yarfa hannu, hawaye na bin kumatunta.

"Sake!" in ji ta.

Mun gode, Malama. Mun gode da sammakon, da faɗan, da haƙoran 'ya'yanmu da suka tsira. Mu kuma da muka rage, kowa akwai abin da ya iya, akwai kuma layin da ke gabansa. In kowa yana tsalle, ka duba bayan layin ko akwai wanda ya tsaya shiru. Kama hannunsa ka kai shi wurin katakon.