Katin da Gaisuwa Ta Cinye a Agege

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtuwa, ni da ƙanin maigidana, da rabin buhun gero, da ƙullin kanwa, da daddawar da tun ba mu fita tasha ba fasinjoji suka fara waige suna neman mai ita. Ku da kuka san ni kun san ko bikin unguwa sai an zo an ja ni. Shekarata ashirin da biyar a gidan nan ban taɓa wuce Kaduna ba, sai ga ni cikin bas za ni Ikko. Dalili kuwa, 'yar fari ce, wadda ba na kama sunanta, cikinta ya tsufa a Agege, likita ya hana ta hawa mota ta zo gida haihuwa. Tunda ita ba za ta zo ba, ai dole ni in je.

Mijin nata ɗan Yaya ne, wan maigidana, babban gidanmu. Ana gobe za mu tashi na je na durƙusa na roƙe shi ya ba ni suna in tafi da shi, na namiji ɗaya, na mace ɗaya. Ya ce shi ba ya zaɓar suna sai an sauka, ya yi kwanaki yana roƙon Allah zaɓi. In an haihu a buga waya kemis ɗin bakin kasuwa, za a aika a kira shi.

Hanyar Birnin Gwari ba hanya ba ce, ramuka ne aka jera aka yi musu ado da kwalta. Aka ce soja sun koma bariki, amma shingen hanya bai koma ko'ina ba, duk inda muka ɗan samu gudu sai an tsai da mu, direba ya miƙa hannu ta taga kamar mai gaisawa da abokinsa. A Mokwa muka yi azahar. A Jebba na rufe idona tun daga farkon gada har ƙarshenta, ina ta salati, wata mata a gefena tana cin gyaɗa abinta kamar a tsakar gidansu take. Da na buɗe ido sai ga masu kifi sun yanyame mota, busasshe manya-manya, kuɗinsa bai kai rabin na kasuwarmu ba. Na saya don mai jego, ya haɗu da daddawa, fasinjoji suka haƙura da ni gaba ɗaya. Kafin Ilori motar ta fara tari, dole muka kwana a can. Da safe aka kawo mini amala, tuwonsu na garin doya, da wata miya mai yauƙi kamar karkashi. Na ci, don yunwa, kuma gaskiya ba laifi.

Wajen azahar muka shiga Legas. Gada a kan gada, mota a kan mota, kowa na gudu kamar an biyo shi. Kwandastan danfo, ƙaramar bas ɗinsu ta haya, rataye a ƙofa da hannu ɗaya yana kiran sunayen unguwanni, ni kuwa kunnena na ɗauka, kafin mu sauka na iya kwaikwayonsa tsaf. Agege ta ba ni mamaki. Ga mai tsire, ga mai goro, ga kiran salla, Hausa ta ko'ina, sai dai an shimfiɗa kasuwa a kan layin dogo. In jirgi ya taho a kwashe tumatir, in ya wuce a mayar. Burodinsu kuwa ka ja shi ya biyo ka kamar danƙo.

Kwana biyu da zuwana, ranar Juma'a, ta sauka lafiya, mace. Da yamma surukina, wanda ke sana'ar nama a mayanka, ya aiko mini da kyauta ta hannun matarsa, don ni da shi ba ma haɗa ido. Wani ɗan kati ne mai sulɓi, bai kai tafin hannu ba. Ta ce katin waya ne, an riga an biya kuɗinsa, yunit ɗari biyu ne a ciki. In zura shi a wayar kan titi in yi magana da gida, kuma da shi zan karɓo suna daga bakin Yaya. Na juya shi, na ce wannan ɗan abin ne ke da ɗari biyu? Na ƙulle shi a gefen zane.

Maƙwabciyarsu ce ta raka ni ranar Asabar. Bahaushiya ce haihuwar Agege, in ta buɗe baki Hausa da Yarbanci da Turancin kasuwa ke fitowa tare kamar fate. Wayar na kusa da tashar jirgi, cikin wata 'yar rumfar ƙarfe. Tana da ɗan gilashi a goshi inda aka ce lambar abin da ya rage ke fitowa, amma rana ta ƙone shi ya yi baƙi, ba a ganin komai. Ban damu ba. Na buga, mai kemis ya ɗauka, muka gaisa sosai, na tambayi iyalinsa da kasuwa, ya aika a kira Yaya. Na sake bugawa. Yaya ya zo, maigidana ya zo, matar Yaya ta zo, har da gwaggon yara da ba ta ji sosai, sai an maimaita mata komai sau biyu. Kowa sai mun yi ina kwana, ina gajiya, yaya baƙunta, yaya ruwa, yaya mai jego, barka da arziki. A ƙarshe Yaya ya ce in bugo ranar Alhamis bayan la'asar, zai zauna a kemis ya jira ni da suna.

A nan fa zan faɗi laifina. Ranar Litinin kewar gida ta kama ni, na koma na buga, wai in ji ko ana ba awakina dusa. Talata ma na koma, na ce a kira mini aminiyata, muka taɓa hira har ta ba ni labarin bikin da na rasa. Ni a tunanina ɗari biyu ai ɗari biyu ce.

Ranar Laraba na je wucewa, wani mahauci da ke yawan ganina a layi ya ce, "Hajiya, wannan katin naki rijiya ce? Kiran Arewa fa zuƙe yunit yake kamar rani da tafki. Kin duba saura nawa?"

Na ce a ina ake dubawa? Ya ce a gilashin nan mana, kyauta ne, da ka zura kati yake nunawa. Muka kalli baƙin gilashin tare, ya yi dariya ya tafi abinsa.

Daga nan zama ya gagare ni. Ina dafa ruwan wanka hankalina na kan kati. Ina dama kunun kanwa na zuba gishiri. In na fiddo katin in ɗaga shi a rana, in auna nauyinsa a hannu, wai ko zan ji ya rage. Jibi da safe za a raɗa suna, an sayi rago, an raba goro, liman ya san da zancen, suna kuwa yana can Funtuwa a bakin mutum ɗaya. Ƙanin maigidana ya riga ya koma tun Lahadi. Muka je inda ake sayar da katin aka ce ya ƙare, sai wani mako. Wasu samari na sayarwa a bakin ƙofa, maƙwabciya ta ja hannuna ta ce yawanci fanko ne suke sake naɗewa a leda. Shagon da ake biya a buga waya kuma layinsu ya mutu tun ruwan da aka yi. In faɗa wa surukina? In ce masa me, na cinye kyautarka a kan awaki? Gara ƙasa ta tsage.

Alhamis ana idar da azahar maƙwabciya ta yafa gyale ta ce, "Mama, oya mu je. Mu nemo waya mai ido, mu san matsayinmu. In babu komai a ciki, sai mu dawo ki cire kunya ki gaya wa oga surukinki tun da sauran rana, abi?"

Muka hau danfo zuwa Ogba. Wayar farko an yanke abin riƙewar an tafi da shi, sai igiya na lilo. Ta biyu lafiyarta lau, amma wani ya cusa mata tsinke a bakin kati. Muka sake hawa mota zuwa Ikeja, cunkoso ya riƙe mu, ina kallon inuwa tana tsawo a jikin gine-gine. Na ce mu hau okada, wato babur ɗin haya, abin da na rantse ba zan taɓa yi ba. Na hau, na riƙe rigar mutumin har na ji ɗinkinta na ƙara.

A Ikeja, gaban wani dogon ofis, muka tarar da waya mai aiki da layin mutum takwas. Maigadin wurin dattijo ne, da ya yi magana na ce masa daga Sakkwato, ya ce Gwadabawa, ya yi murna har ya ba mu buta da tabarma muka yi la'asar a bayan ɗakinsa, ya tsare mana layi. Ina tsaye ina sauraron na gabana. Na lura duk wanda katinsa zai ƙare, sai wayar ta yi wani ɗan kuka, ƙit, ƙit, ƙit, sau uku, kafin ka ƙirga goma ta yanke. Mutum biyu na ji ta yi wa haka, ɗaya har ya daki rumfar.

Layi ya zo kaina. Na kwance gefen zane, na yi bisimilla, na zura. Gilashin ya yi haske. Goma sha huɗu.

Na ce, "Malam, sha huɗu nawa ke nan?"

Ya ce, "Hajiya, in Arewa ce, ki ce sallama ɗaya da magana ɗaya. Kada ki tambayi kowa gajiya."

Na buga. Mai kemis ya ɗauka da fara'arsa, "A'a, mutanen Ikko! An yini..." Na ce ba ni Yaya. Na ji ya yi turus, sannan na ji takun Yaya, a hankali, da sandarsa, kowane taku yana cin kuɗi. Ya karɓa ya gyara murya.

"Salamu alaikum. An yini lafiya?"

Wallahi ban san lokacin da na durƙusa a cikin rumfar ba, igiya ta miƙe har ta kusa tsinkewa. Na ce lafiya lau, Yaya.

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Yaya baƙunta? Yaya mutan gidan?"

Maƙwabciya na dukan kafaɗata, maigadi na nuna mini gilashi, bakina kuwa amsawa yake shi kaɗai, don haka ya saba tun ina amarya. Sai na ji ƙit.

"To madalla. Yaya mai je..."

"Yaya, bar gaisuwar nan! Faɗi sunan!"

Ya yi shiru. Ban taɓa jin shiru mai tsada irin wannan ba. Ƙit na uku ya wuce, na fara ƙirge a zuci, na kai shida, sannan ya ce, "A mayar da sunan Inna."

Ɗif, ta yanke. Gilashi ya nuna sifili.

Inna ita ce mahaifiyarsu, surukata, wadda ta rasu bara. Ita ta yi mini wankan jego na wannan 'yar da na zo yi wa. Na zauna a ƙasan rumfar ina hawaye, na bayana na cewa madam a ba su wuri. Maigadi ya ce, "Kin samu?" Na ce na samu, amma na yi wa babban gidanmu tsawa a gaban mai kemis. Ya ce wannan kuma sai kin koma.

Washegari aka raɗa suna, muna kiranta Ummi. Na zauna har aka yi arba'in, na koyi cin amala ba yunwa, na iya tsallake titi ba a riƙe mini hannu ba. Amma duk kwanakin nan, tsawar da na yi wa Yaya ba ta fita raina ba.

Dawowa ba mu kwana a hanya ba, kuma a Jebba na buɗe ido ɗaya. Abin da tafiyar nan ta koya mini, 'yan uwa, in an ba ki abu aka ce an riga an biya, ki fara tambayar yadda ake duba saura kafin ki tambayi yadda ake amfani da shi. Kuma a Ikko har ina kwana da kuɗinta, don haka ki fara da abin da ya kai ki.

Ban ko kwance kaya ba na nufi zauren Yaya. Yana kan buzunsa da carbi. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba. Na fara, "Yaya, maganar ranar nan, katin ne..." Ya ɗaga mini hannu. Ya ja carbinsa ya kai ƙarshe, ya ajiye, ya gyara zama kamar mai shirin yini.

Ya ce, "Nan babu kati ko?"

Na ce babu.

Ya ce, "To, mu koma inda kika tsai da ni. Yaya mai jego?"