Yadda Muka Koya wa Manhaja Bambanta Baƙi da Baki

A shekarar da na koma ƙaro karatu a Talata Mafara, ina koyar da kwamfuta a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Maradun. Ƙarshen mako nake hawa babur in je aji. Da aka zo rabon aikin binciken kammalawa, malamar da za ta duba nawa, mace mai ƙarancin magana, ta ba ni batun buɗaɗɗun manhajoji, wato irin waɗanda ake baje rubutun da aka gina su da shi a intanet, kowa ya karanta, kowa ya kawo gyara. Tambayarta guda ce: in babu maigida mai tsawa, babu albashi, me ke hana aikin lalacewa?

"To Malama, zan tattaro abin da masana suka rubuta," na ce.

"A'a. Shiga cikinsu za ka yi. Nemo kuskure guda ka kai masu, ka ga yadda za su yi da kai."

Mako uku ina laluben kuskure ban samu ba. Ashe yayana ne zai kawo mini shi har gida.

Yaya ma'aikacin lafiyar dabbobi ne. A wayarsa akwai wata buɗaɗɗiyar manhaja da yake rubuta bayanin shanun da ya duba: mai su, launinsu, da abin da ke damunsu. Lokacin ana raɗe-raɗin ɓullar ciwon baki da kofato, sai ya rubuta "baki" a wurin bincike don ya ga waɗanda ya kamata ya sake leƙawa. Ta fito masa da wani bijimi a wata ruga kusa da Faru. Ya ɗaure jakar magani a babur, ya bi 'yar siririyar hanya cikin gonaki har can. Dattijon mai shanun ya shimfiɗa masa tabarma, aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da ruwa, aka kawo nono. Sannan Yaya ya ce ya zo ganin marar lafiya.

"Wanga bijimi?" in ji dattijon. "Tun da anka haife shi bai taɓa ƙin ciyawa ba."

Yaya ya buɗe bakin bijimin, ya tarar da shi garau. Da ya duba wayar sai ya gane: "baƙi" ya rubuta watannin baya, launin bijimin ke nan. Manhajar ce ke share lanƙwasar harafi in ana bincike, ta mai da ƙ ta koma k.

Ya dawo da la'asar, ƙafafu duk taɓo, yana faɗa. Ni kuwa na miƙe tsaye ina tafi.

"Kai, lafiyarka?" ya ce. "Na sha wahalar banza kana murna?"

"Yaya, ka yi haƙuri, digirina ne ka ɗauko a babur!"

Washegari a ɗakin malamai na rubuta ƙorafin da Turancina mai ɗingishi, na tura shi zuwa shafin masu manhajar. Ban sa rai ba. Kafin a tashi tara, amsa ta shigo. Wata mata ce daga wata ƙasa mai sanyi, tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu da ta yi ritaya, ita ke kula da sashen bincike. Ta yi godiya, ta ce ba ta taɓa sanin waɗannan haruffa dabam suke ba, ta ɗauka ado ne. Sannan ta tambaya ko zan gwada gyarawa da kaina, ta nuna mini inda matsalar take.

Na karanta saƙon nan ya fi sau biyar. Na shiga aji na gaba ina ta murmushi har ɗalibai suka fara kallon juna.

Kwana huɗu na yi a kan gyaran. Layi shida ne kacal, amma ji nake kamar na gina gada. Na tura. Aka dawo mini da shi. Matar ta ce ya yi aiki ga ƙananan haruffa, amma babbar Ƙ ta ɓace gaba ɗaya. Kuma ba sa karɓar gyara sai da gwaji, wato jerin kalmomin da na'ura za ta riƙa bi kullum, ta yi ƙara in wani ya sake ɓata wurin nan gaba. Raina ya ɓaci. Na kai wa Malama kuka, na ce sun raina ni.

"Sun zage ka?"

"A'a."

"Sun yi ƙarya?"

Na girgiza kai.

"To ka rubuta wannan a bincikenka. Shi na aike ka ka gani."

Jerin kalmomin ne ya kai ni Bakura wurin kawuna, malamin zaure da ya tsufa yana kwafar littattafai da hannu. Na same shi da hantsi a ƙarƙashin dalbejiya. Bayan gaisuwa na yi masa bayani, ina tsoron zai ɗauke shi shiririta. Sai ya ajiye alƙalami.

"Kana nufin wani ya rubuta, wani ya bi da ido kafin a sake shi?"

"Haka ne, Kawu."

"Mu ma ba mu miƙa kwafi sai mun zauna mu biyu, ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin sabo. Kawo takardarka."

Ya fara zubo kalmomi kamar an buɗe famfo: ƙafa da kafa, ɗaka da daka, ɓari da bari, ƙaya da kaya, saƙa da saka. Ina rubutu hannuna na ciwo, shi yana dariya yana ƙaro wasu. Har ya tuna mini da masu rubuta k da waƙafi a sama saboda wayarsu ba ta da lanƙwasa, abin da ko kusa bai zo mini a rai ba. Da azahar ta yi muna da shafi uku.

Na sake turawa. Wannan karon sai ga wani mutum ya tsoma baki daga Kamaru, ya ce Fulatanci ma na da irin waɗannan haruffa da ƙari, ya liƙa nasa jerin. Wani daga wata nahiya ya ce gyarana na rage saurin bincike a tsofaffin wayoyi, ya nuna dabarar da ta fi. Mutane huɗu, ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani, muna ja-in-ja cikin ladabi a kan layi shida. Sau uku ana mai do mini, sau uku ina gyarawa, kuma kowane zagaye ina ganin abin na ƙara tsabta.

Ranar wata Talata, ina tsakiyar kasuwar Mafara ina sayen albasa, waya ta yi ƙara. An karɓa. A ƙasa matar ta rubuta cewa a isar da godiyarta ga malamin da ya ba da kalmomin. Na saki wata kabbara da ta sa mai albasa ya zabura. Ko canji ban tsaya karɓa ba sai da ya kira ni.

Kawu da na karanta masa saƙon ya gyara zama, ya ce in gaya mata yana gaishe ta da iyalinta, kuma akwai sauran kalmomi in suna so.

Bayan 'yan watanni matar ta sake rubuto mini. Wani daga Maraɗi ya turo fassarar manhajar zuwa Hausa, ita kuma ba ta jin ko kalma ɗaya. Ko zan duba? Na zauna a bencin bayan ajinmu, na bi ta layi-layi har rana ta karkata. Aikin ya yi kyau ƙwarai, amma na ga wurare biyu da ma'ana ta kauce. Na daɗe ina juya yadda zan faɗa masa. Daga ƙarshe na fara da sallama da tambayar gida, na yaba abin da ya cancanci yabo, sannan na nuna masa wuraren biyu na ce ya sake duba su. Na danna tura.