Ranar da Na Raba Maruƙa da Iyayensu

A lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da dawowa Daura daga Turai ba, inda na yi shekara huɗu ina karatun kiwon shanun madara. Na dawo da digiri da farar riga, da kuma girman kai wanda ya fi akwatina nauyi. Wani Alhaji mai gona a hanyar Mai'adua ya ce zai ba ni shugabancin garkensa idan gwajin mako guda ya yi kyau. Ina son aikin nan ƙwarai, don na gaji da zaman gida ana tambayata yaushe zan fara aiki.

Ranar farko na ba da umarni a raba maruƙa da iyayensu, kamar yadda muke yi a can. Wata tsohuwar Bafulatana da ke tatsa, kowa Inna yake ce mata, ta ja ni gefe ta ce saniyarmu ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa. Na yi mata lacca mai tsawo, har da zane a ƙasa. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma inuwa ta zauna.

Washegari Alhaji ya zo da abokansa su ga tatsar zamani. Shanu na kuka, maruƙa na amsawa daga bayan danga. Na durƙusa, na matsa, na ja, na yi lallashi har da Turanci. Abin da ya taru a ƙwarya ko shayin mutum ɗaya ba zai haɗa ba. Saniya ta huɗu ta gaji da ni, ta sa ƙafa ta yi fatali da ƙwaryar, ta bi ni har sai da na haye kan amalanke. Inna ta tashi, ta buɗe wa maruƙa. Kafin in sauko ta cika ƙwarya biyu. Alhaji ya tambaye ni a hankali ko shanun Turai ne suka ba ni digirin. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma aikin ya wuce ni.

Karatun waje ya amfane ni, ba na musu, amma shanun can ya koya mini. 'Yan'uwana masu dawowa, ku fara tambayar waɗanda kuka tarar kafin ku ba da umarni. Ni sai da na yi wata shida ina riƙe wa Inna maraƙi kafin ta yarda in taɓa hantsar saniya.