Uwar Maƙerar Baba a Ɗakin Leza

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Yaya Nafi'u makwancinsa. Har yau in na ji ƙarar masaba a unguwarmu ta Dala shi nake tunawa, alhali a duk 'ya'yan Baba shi ne bai iya riƙe masabar ba.

Gidanmu gidan maƙera ne, kuma a al'adarmu babban ɗa ke gadon uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen nan da ake ƙira a kansa. Yaya ne babba. Amma tun yana zuga wa Baba wuta, hankalinsa na kan wani ɗan maganaɗisu da Baba ke gwada zafin wuƙa da shi. Ƙarfe in ya yi jawur maganaɗisu ba ya kama shi, to lokacin tsomawa a ruwa ya yi. Baba ya san haka abin yake, Yaya kuwa dalili yake nema. Neman dalilin nan ne ya kai shi boko, har ƙetare. Baba ya rasu yana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni mace ce, sauran maza sun shiga kasuwa, sai aka jingine uwar maƙera a soro.

Yaya ya dawo shekarar da soja suka koma bariki, da akwatin madubai na gwajin haske da yaƙinin cewa farar hula za su gina ɗakunan bincike. Da na tambaye shi aikinsa, ya ce akwai sinadaran da ake yi wa kwamfuta ƙwaƙwalwa da su, ana so su zama maganaɗisu, amma ba sa yarda sai cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. Shi a can ƙetare yakan harba musu walƙiyar hasken wata na'ura da ake kira leza, wadda ƙiftawar ido ta fi ta daɗewa nesa ba kusa ba, sai ya bi ta da ta biyu ya ga yadda ƙwayoyin lantarkin ciki suka motsa. Na ce ashe dai ƙira ce, a buga a duba. Ya yi dariya, bai musa ba.

Lezar da ya yi ta jira a jami'a ba ta iso ba sai bayan rasuwarsa. Dangi suka ce ya yi biyu babu, ba ƙira ba bincike. Maganar nan ta daɗe tana cin raina, don ba ni da amsa.

Amsar ta zo bara ta hannun ɗalibarsa, Dakta Bilkisu, wadda ya bar wa akwatin madubai. Sun kunna lezar a jami'a, amma duk sanda babbar mota ta wuce sai teburin da lezar ke kai ya yi rawa, awo ya lalace. Ta tuna Yaya ya taɓa gaya musu maganin haka: tiyub ɗin taya a ƙarƙashi, nauyi a sama. Ta zo gida ta gaishe ni, ta daɗe tana kame-kame kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Hajiya, Malam ya ce akwai wani ƙarfe a soronku da ko girgizar ƙasa ba ta motsa shi."

Tsofaffin unguwa suka yi ta gunaguni, wai ba a fitar da uwar maƙera daga gida. Na ce musu wurin magajinta za ta. Da ƙyar majiya ƙarfi suka cicciɓa ta cikin adaidaita sahu.

Aka danne teburin da ita, rawa ta tsaya cak. Bilkisu ta kira ni na ga awonsu na farko mai tsabta, wani layi a fuskar kwamfuta da ya hau ya gangaro. Ban fahimci komai ba, amma sai da na rangaɗa guɗa a ɗakin binciken mutane.

Da Yaya zai leƙo yau, zai tarar wutar lantarki na nan tana ɗaukewa, alkawuran farar hula da yawa suna hanya. Amma zai ga 'yan Kano suna yi wa haske awo da madubansa, kuma na san zai ce sannu ba ta hana zuwa.

Kafin in fito na shafa uwar maƙerar, na ji sawun masabar Baba a jikinta. Masu cewa biyu babu su zo su gani, an gaje ta. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan magajinsa.